Takalma a Bakin Ƙofa

Rowa iri-iri ce. Akwai mai rowar abinci, akwai mai rowar gaisuwa, akwai wanda ko hanya ka tambaye shi sai ya ji kamar ka yanki naman jikinsa. Amma rowar da ke cikin labarin nan ta wuri ce: mutum ya tare ɗakin da ba ya kwana a ciki, alhali maƙwabcinsa na shimfiɗa wa 'ya'ya a ƙasan kicin. Irin wannan rowa ba ta iya tafiya da ƙafarta, sai ta samu ƙarya ta goya ta. Ga yadda su biyun suka yi da wani dattijo.

Wani tsohon bene ne mai hawa huɗu, wanda aka gina wa ma'aikatan wata masaƙa tun masaƙar na da rai. Da ta mutu, benen ya koma hannun ƙungiyar mazaunansa, kuma dokarsu guda ce tun farko: ɗaki mutane yake bi. Mai iyali da yawa a ba shi babban sashe, ango da amarya a ba su ciki da falo. A ranar da aka yi rabon, adalci aka yi. Sai dai shekaru ba sa neman izinin kowa. Waɗanda aka ba manyan sassa 'ya'yansu suka girma suka watse, waɗanda suka shigo su biyu suka wayi gari su bakwai. Bene ya zama wani wuri a cushe kamar buhu, wani wuri kuma in ka yi tari sai bango ya amsa maka.

A hawa na huɗu, can ƙarshen doguwar baranda, nan sashen Baban Samari yake, ɗaki huɗu da falo. Sunan ya same shi ne saboda 'ya'ya maza huɗu da ya haifa a jere kafin Auta, wadda ita kaɗai ce mace. A zamaninsu, in samarin nan suka sauko matakala tare, benen har rawa yake yi, uban ya tsaya daga sama yana saurare yana shafa gemu. Ko sunan da uwarsa ta kira shi da shi bai kai masa wannan daɗi ba.

To amma samari sun daɗe da tashi. Babban yana wani gari mai nisa da mata da 'ya'ya, mai bi masa ya tsallaka wata ƙasa, sauran biyun kowa na inda abincinsa ya kai shi. Sai waya, ita ma jefi-jefi. Auta ta yi aure a ɗaya gefen gari. Aka bar tsoho da tsohuwa da ɗakuna uku a kulle. A cikin wanda ke buɗewa ga 'yar barandar shanya ta baya aka jibge tsofaffin katifun soso har kusan rufi.

Matarsa, wadda duk benen ke kira Inna, gwiwa ce ta ci amanarta. Rabonta da taka ƙasa tun auren Auta. Daga gado sai kujerar bakin taga, ta dogara sanda, ta zauna tana kallon bishiyar tsakar gida inda mata ke taruwa hira. In sun yi dariya tana jin ƙarar, abin da ya ba su dariyar ne ba ya isowa hawa na huɗu.

Da maganar gyaran bene ta taso, aka yi taro ƙarƙashin bishiyar. Shugaban ƙungiya, wani tsohon malamin makaranta mai sanyin magana, ya yi bayani. Za a ɗora hawa na biyar, a rushe tsohuwar matakala a yi mai faɗi, tsofaffi su sauko ƙasa, masu yara su hau manyan sassa, wanda aka rasa mai cika shi a raba shi biyu. Wanda kuwa har yanzu iyalinsa na cike da sashensa, ba mai taɓa shi. Da aka zo kan Baban Samari, ashe an riga an yi masa tanadi mai kyau. Akwai wani Bakanike a hawan ƙasa, ciki da falo gare shi, ƙofarsa na buɗewa kai tsaye ga inuwar bishiya. 'Ya'yansa biyar, ga matarsa da tsohon ciki. Aka ce su yi musaya.

Baban Samari ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Samarina suna nan. Aiki ne ke fitar da su tun kafin ku tashi, ya dawo da su bayan kun shige. Ba inda za ni."

Babu babba a taron da bai san rabon da benen ya yi rawa ba. Amma wa zai dubi mai furfura a bainar jama'a ya ce masa ƙarya kake? Shugaba ya yi gyaran murya ya ce to, za a duba, aka wuce zuwa wani. Kunyarsa aka ji, shi kuwa ya ɗauka yarda aka yi.

A benen nan ba a shiga ɗaki da takalmi. Wanda ya bi baranda, takalman bakin ƙofa ne ke gaya masa wa ke ciki, har mata da su suke gane ko maigidan wance ya fita kafin su shiga aron gishiri. Saboda haka washegari Baban Samari ya buɗe sito ya zaƙulo takalman 'ya'yansa: sau-ciki baƙi na babban, takalmin aiki mai ƙarfe a baki na mai bi masa, wani farin kambas da ya koma ruwan ƙasa, da silifa mai kauri. Ya kakkaɓe su, ya jera a bakin ƙofa. Kuma da yake mutum ne da ya yi rayuwarsa yana lura da zare a injin saƙa, bai yi aikin rabi da rabi ba. Kullum sai ya sauya musu zama, yau wannan ya hau kan wancan, gobe ɗaya ya kife kamar an tuɓe shi da gaggawa. Ya ajiye gwangwani na jiƙaƙƙiyar ƙasa a bayan ƙofa yana shafa wa ƙasansu. Ya fito da wanduna huɗu, ya tsoma a ruwa ya shanya a barandar baya inda duk tsakar gida za a gani. Ya kunna rediyo a ɗakin katifu, ya bar tagar a buɗe don a ji ana sauraren ƙwallo.

Inna ta yi ta kallonsa har ranar da ta gan shi yana matse wandon babban.

Ta ce, "Malam, wankin wa kake yi?"

Ya ce na 'ya'yansa.

"Mai wandon nan yanzu ko cinyarsa ɗaya ba za ta shiga ba. Ba ka ga hoton da ya aiko ba?"

Bai yi dariya ba. Ita ma sai ta bar wasan, ta dubi taga ta ce ita dai ƙasa take so ta taka. Ba wani abu take nema ba, ta zauna a inuwar can, in an yi dariya ta san dalili.

Ya ce, "Uwar samari, in muka sauka, ran da suka dawo a ina za su kwana? A kan bishiyar?"

"Ran da suka zo, da mata da 'ya'ya za su zo, su wuni su tafi. Ka sani, na sani."

Ya sani ɗin. Abin da ba zai iya faɗa mata ba shi ne, duk ranar da ya sauka ciki da falo, ya koma inda ya fara ke nan, kamar bai haifi kowa ba. Muddin ɗakunan nan na hannunsa, to samari fita suka yi, ba tafiya ba.

Bakanike ya hau ya same shi wata ranar hutu. Ya tuɓe takalminsa mai baƙin mai a gefen na samari, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafar Inna. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Manyan 'ya'yansa mata sun fara girma, a kicin suke kwana tsakanin tukwane. Ƙananan a falo, in zai fita da safe sai ya yi ta tsallake su kamar mai ƙetare kwata. Ya ce in Baba ya yarda, shi zai shafe masa ɗakunan ƙasa da fenti da hannunsa, zai sa wa Inna ƙarfen dafawa a banɗaki, kuma a saman zai ware ɗaki guda, duk ranar da wani cikin samarin Baba ya zo da baƙunci ya sauka a nan.

Baban Samari ya ce ai ba baƙi ba ne, gidansu ne.

Bakanike ya saci kallon bakin ƙofa, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Baba, wannan kambas ɗin kuwa yana da rai. Tun ina wankin sifana a gareji na san shi."

Da wasa ya faɗa, irin na ɗa da uba, amma maganar ta sauka a kan gyambo. Dattijo ya ɗaure fuska ya ce, "Gaisuwa ka zo ko duba takalma? Kai yaro, da za ka tara 'ya'yan, shawara ka yi da ni? Ɗakina bai yi yawa ba, haihuwarka ce ta yi yawa."

Bakanike ya haɗiye maganar da ƙyar, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya sa takalminsa ya sauka. Inna na daga ciki tana ji. Ranar ba ta ci abincin rana ba.

Ƙungiya ta ga ba yadda za ta yi. Aka ce Bakanike ya yi haƙuri har a gama hawa na biyar, sannan ciki da falonsa na ƙasa a ba wata tsohuwa mai ɗinki da ke hawa na uku. Baban Samari ya ji labari ya ce madalla, kowa ya tsaya a inda Allah ya ajiye shi.

Sai magina suka zo da tulin yashi da rodi da buhunan siminti. Shugabansu wani Injiniya ne matashi mai hular kwano, baƙo a wurin, bai san kowa ba, bai san tarihin kowa ba. Kafin a taɓa matakala ya bi ƙofa-ƙofa yana bayani. Za a kafa ta wucin gadi a waje, ta ƙarfe, siririya, mai tsayuwa sosai. Duk wanda ba zai iya hawa da sauka a kanta ba, an tanadi ɗakuna a bakin get, ya zauna can har a gama sabuwar. Da ya zo ƙarshen hawa na huɗu ya ga Inna da sanda, sai ya ce lallai Inna na cikin waɗanda za a saukar tun tsohuwar matakala na nan.

Fuskar Inna ta washe. Baban Samari ya ga haka. Ya san in matar nan ta taka ƙasa, ko da igiya ba mai mayar da ita sama, kuma in ta zauna can shi ma ya sauka ke nan.

Ya ce, "Samari huɗu gare ta a ɗakin nan. In ta so sauka, a kan kujera suke ɗaukarta."

Injiniya ya dubi takalman, ya ga girmansu, ya ga laka a ƙasansu, ya yi dariya ya ce ashe Inna ta fi kowa gata a benen. Inna ta buɗe baki. Mijinta ya dube ta. Shekara da shekaru ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban baƙo ba, sai ta mayar da bakin ta rufe. Kafin ya wuce, Injiniya ya ƙara da gargaɗi guda: in masu walda suka fara aiki a sama, kada a bar shanya ko wani abu mai kama wuta a barandar baya, kuma a rufe tagogin wajen.

Haka ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce ta samu mutum guda da ya gaskata ta, kuma shi ne wanda tsarin aikin duka ke hannunsa.

Aka rushe matakala. Bene ya cika da ƙarar guduma da ƙurar siminti. Aka yanke famfon sama don sauya bututu, ruwa ya koma sai an sauka tsakar gida. Baban Samari ya riƙa ɗaukar 'yar jarka yana hawa matakalar ƙarfe, tana lilo a ƙarƙashinsa, yana tsayawa a kowane hawa har numfashinsa ya dawo. In leburori suka ce, Baba ina samarin da kake wannan wahala, sai ya ce suna wurin aiki, motsa jiki yake yi. Auta ta zo ta hau da ƙyar, ta ga uwarta a tsare kamar tsuntsuwa a keji, ta ce za ta nemi masu saukar da ita ta tafi da ita gidanta. Uban ya ce ba dai yana numfashi ba. Ta sauka tana share ido.

Da masu walda suka hau, ya kwashe wandunan kamar yadda aka ce. Bai daɗe da kwashewa ba, wata rana yana tarar ruwa a famfo sai ya ji wata mata a bayansa tana ce wa 'yar'uwarta, samarin hawa na huɗu sun daina wanki, ko ƙazanta suka koya? Suka ƙyalƙyale da dariya a cikin mayafi. Bai juya ba, amma dariyar ta bi shi har sama, ta hana shi cin abinci.

Da gari ya waye ya mayar da wandunan kan igiya. Ruwan da ya hau da shi da ƙyar bai isa a ɓata a kan wando ba, saboda haka a bushe ya shanya su. Ya buɗe tagar ɗakin katifu, ya kunna rediyo, ya kulle ɗakunan uku ya jefa makullan a aljihu. Ya shafa wa takalma sabuwar laka. Sannan ya sauka ya zauna cikin dattawa a gindin bishiya, ya ɗaga murya yadda masu dariyar jiya za su ji, ya ce yau duk su huɗun suna ciki, doguwar tafiya suka dawo, barcin gajiya suke yi. Injiniya na tsaye kusa yana duba yashi, har ya ce to Allah ya sa ƙarar aiki ba ta dame su ba.

Hantsi ya ɗaga. A sama masu walda na haɗa ƙarafan sabon hawa, tartsatsi na zubowa ta gefen bango kamar yayyafi. Wata mata da ke tsince shinkafa ta ɗaga kai, ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Wandon can kamar hayaƙi yake yi."

Baban Samari ya duba. Wandon babban ne. Wuta ta kama ƙafarsa tana hawa a hankali kamar mai neman aljihu. Ta tsallaka ga na biyu. Iska ta kaɗa labulen tagar da ya bari a buɗe, labule ya leƙo waje, ya koma ciki da wuta a bakinsa. Kafin dattijo ya gama miƙewa, wani baƙin hayaƙi mai kauri ya fara turnuƙowa ta tagar. Soso ya kama.

Bakanike na ƙarƙashin wata mota a bakin get. Shi ya fara kaiwa ga matakalar ƙarfe, Injiniya da leburori na biye da bokitai. Baban Samari ya bi bayansu. Bai taɓa sanin benen nan na da tsawo haka ba. Gwiwa ta ƙi, ƙirji ya ƙi, ƙarfe na rawa, mutanen hawa na uku na saukowa da yara suna ture shi. Abu guda ke kai-komo a kansa: kujerar bakin taga, da sandar da ba ta iya sauri.

Da ya isa doguwar baranda ya tarar an riga an fito da ita. Bakanike ne ya sungumo ta. Tana zaune a kan kujera nesa da ƙofa, ɗankwali ya zame, tari ya hana ta magana. Hayaƙi na fitowa ta saman ƙofar falo, ana miƙa bokitai hannu da hannu. Daga can ciki rediyo na ta ba da labarin ƙwallo.

Injiniya ya tare shi, ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ce, "Baba, wane ɗaki suke? Mun buga ƙofofin, a kulle, ba wanda ya amsa. Hayaƙin soso a barci yake kashe mutum."

Bakanike ya dubi takalman. Lakar da ke ƙasansu ɗanya ce, ko bushewa ba ta yi ba. Ya ɗago ya dubi dattijon ido cikin ido.

"Baba, don girman Allah. Akwai mutum a ciki ko babu?"

Baranda cike take da maƙwabta da leburori. A tsakar gida duk an ɗaga kai, har da Shugaba, har da matan da suka yi dariya. Kalma guda ake nema a wurinsa, tana nan a kan harshensa. Amma zuciyar mai ƙarya ko a bakin wuta ƙofar fita take nema. Ya ce a ransa yanzu za a kashe wutar, in an ga ɗakuna wayam sai ya ce ashe sun fita bai sani ba. Makullan na aljihunsa, ya ji nauyinsu a cinyarsa, ya danne su da hannu don kada su yi ƙara. Ya yi shiru.

Bakanike ya ɗauki shirun a matsayin firgicin uba. Ya tuɓe rigarsa ya tsoma a bokiti, ya rufe fuska, ya sunkuya ya shige.

Aka ji ya daki ƙofar farko da kafaɗa. Ya sake. Ta ɓalle. Aka ji yana kiran sunan babban, sunan da aka daɗe ba a ji a benen ba. Sai ƙofa ta biyu, sai tari. Rediyo ya yi wani irin kuka ya mutu. Saura ɗakin katifu, inda wutar take.

Baban Samari ya ji an riƙe masa gefen riga. Inna ce, ta miƙo hannu daga kan kujera. Muryarta a shaƙe ta ce, "Malam, ɗan wani ne. Shi ma 'ya'ya gare shi."

Ya ce, "Babu kowa." Ko shi da ƙyar ya ji kansa.

Injiniya ya ce, "Me ka ce, Baba?"

"Babu kowa a ciki! Takalma ne kawai, ku fito da shi!"

Maganar ta bi baranda, ta sauka har gindin bishiya. Leburori suka shiga kiran Bakanike, bai amsa ba. Injiniya ya yar da hularsa ya shiga da rarrafe, wani lebura na riƙe da ƙafarsa. Aka yi jim, ba mai motsi, sai ƙarar ruwa a kan wuta. Can suka fito suna jan sa. Yana numfashi, idonsa ja wur. Amma ya riga ya kai ga ƙofa ta uku, ya kama mariƙinta na ƙarfe da hannun dama ya murɗa, tafin hannun ya saluɓe.

Da aka jawo tiyo daga tankin kwaɓa siminti, wutar ba ta daɗe ba ta mutu. Ɗaki guda ta ci, hayaƙi ya baƙanta sauran. Aka sauko da Bakanike aka yi asibiti da shi, matarsa na biye da tsohon ciki. Injiniya ya tsinci hularsa, ya dubi takalman, ya dubi dattijon, ya wuce.

Inna kuwa a kan kujera aka saukar da ita, kamar yadda mijinta ya faɗa. Samari huɗu ne suka ɗauke ta, leburori, ba ta san sunan ko ɗaya ba. Da aka iso ƙasa ta ce su ajiye ta a inuwa. Ta zare silifarta, ta ɗora tafin ƙafa a kan ƙasa, ta daɗe a haka. A nan Auta ta zo ta same ta. Wannan karon ba ta nemi izinin kowa ba kafin ta tafi da ita, uwar ma ba ta ɗaga kai ta dubi sama ba.

Ba wanda ya zagi Baban Samari, ba wanda ya kira shi taro. Da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ƙungiya ta zauna ba shi, ta yi abin da dokarta ta ce tun farko.

Ga lissafin abin da ya tashi da shi. Ɗakuna huɗun da ya tare, aka gyara su aka ba Bakanike, wanda har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasawa, da hagu yake riƙe sifana. Ciki da falon ƙasa mai ƙofa a inuwar bishiya, tsohuwa mai ɗinki na ciki da kekenta. Inna na gidan Auta, ɗakinta a ƙasa, ta aiko masa cewa ta yafe amma ta gama hawa bene. Da samarin suka ji labari, babban ya kira sau ɗaya ya tambayi lafiyar uwarsa ya kashe waya. Wurin zamansa cikin dattawa yana nan, sai dai in ya zauna hira kan mutu. Shi kansa aka ba shi ɗaki guda a sabon hawa na biyar, sama da inda yake a da, don nan kaɗai ya rage. Sunan ma bai tsira ba, yaran benen Baban Takalma suke ce masa, iyayensu kuma ba sa kwaɓarsu.

Takalman kuwa ko hayaƙi bai taɓa su ba, da yake a waje suke. Aka zuba masa su a buhu aka kai masa sabon ɗakin, na mutum huɗu cif, ko ɗaya bai ɓata ba.